Zaman Benci: Tsakanin Magariba da Ƙarfe Takwas da Rabi

Muna gaida malamanmu maza da mata, da iyayenmu, da kwamitin makaranta, da ƙannenmu waɗanda za su ɗauki wannan ɗan littafi su duba bayan an watse daga walima. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya sa albarka a cikin abin da aka koya mana.

Kowace shekara akan ba ajin da zai sauka 'yan shafuka ya rubuta abin da ya ga dama. Yayyenmu da suka gabata sun yi rubutu a kan falalar hadda, da ladabin ɗalibi ga malaminsa, kuma sun yi da kyau. Mu da muka zauna shawara, sai bakinmu ya zo ɗaya a kan zaman nan da ake yi a ɗakin ƙasa ranakun Litinin, Talata da Laraba, daga bayan magariba zuwa takwas da rabi, wanda muke kira zaman benci. Yawancin iyayenmu ba su taɓa leƙa ɗakin ba, abin da suka sani kawai shi ne yaro yana dawowa gida a makare. Kuma mun ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa wataƙila a ɗauke zaman a shekara mai zuwa. To kafin manya su yanke, muna roƙon a ji ta bakin waɗanda suka zauna a kan bencin.

Mu ashirin da uku ne a ajin bana, kuma in ka tambayi kowa inda gidansu yake, Nima ko Mamobi ko Niyutawun zai ce maka. In ka ƙara tambaya kuwa, sai ka ji Tawa, Galmi, Birnin Ƙonni, Doso, Sakkwato, Sokode, wasu kuma Burkina. Wasunmu kakanninsu ne suka zo, wasu kuwa da ƙafarsu suka sauko daga mota a Ankara suna da shekara goma ko goma sha biyu. Zango ba sabon abu ba ne a Gana. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga tun Turawa ba su kafa mulki ba, kuma Alhaji Umaru na Karachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934, a wannan ƙasa ya yi yawancin karantarwarsa. Duk da haka kalmar "baƙo" ba ta rabu da mu ba. Kakanninmu mata har yau suna ba da labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasa, aka sayar da gidaje da kekunan ɗinki a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya tashi a gidan da aka ga wannan, yana tasowa da tsoron takarda da ofis da duk mai zama bayan tebur. A cikin tuwo muka ci wannan tsoro, ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana shi. Da aka ce Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, mun ga yadda fuskokin wasu iyayenmu suka canja, ko da yake ba wanda ya zo ya taɓa su.

Ga yadda abin yake faruwa da sabon zuwa. Uba ɗan kasuwar albasa ne, ya ga zama ya miƙe, ya aika a kawo iyali. Yaro ya yi shekara biyar a lakwal, ya iya raba lamba mai tsawo, yana rubutu mai kyau kamar an buga. Aka kai shi makarantar boko a nan, ticha ya yi masa tambaya da Turanci, ya yi tsuru-tsuru. Sai a mayar da shi aji uku, ya zauna da yaran da bai fi ya goya su ba, gwiwarsa ko shiga ƙarƙashin tebur ba ta yi. A darasin harshen gida kuma a ba shi Ga ko Twi, don Hausa ba ta cikin harsunan da ake jarrabawa da su a makarantun Gana, duk da cewa kana iya shiga kasuwar Nima ranar Laraba ka fita ba ka yi wani harshe ba sai ita. Sai ka ga yaro mai Hausa da Zabarmanci da Faransanci, yana karanta Larabci da wasali da babu wasali, amma a takardar ƙarshen zango an rubuta masa cewa yana da rauni a harshe. Daga nan yaro yake koyon yin shiru. Yana zama a baya, ba ya ɗaga hannu ko ya san amsa, in an tashi tara ya tsaya jikin bango. Bayan shekara ɗaya ko biyu ya ce wa babansa shi dai gara ya bi shi kasuwa, uban kuma, da yake yana bukatar hannu, ba ya musu.

Zaman benci ya girme mu a makarantar nan. Wani yayanmu ne ya fara shi, wanda ya yi sauka a nan, ya tafi kwalejin horon malamai, ya dawo yana koyarwa a wata makarantar gwamnati. Ya ga ƙannensa suna aikin gida a gefen teburin mai shayi don a nan ne fitila take da haske, sai ya je ya durƙusa gaban Malam babba ya roƙi mabuɗin ɗakin ƙasa. Malam ya ba shi, da sharaɗi: wanda bai zo karatun allo na la'asar ba ranar, kada ya zauna, kuma in an kira isha'i a ajiye biro a yi sahu. Har yau a kan wannan ake. Mu ba ma kiransa ticha in muna ɗakin, Yaya kawai muke ce masa.

Rabin farko na zaman aikin gida ne, kuma babu wani abin mamaki a ciki. Wanda ya iya ya koya wa na gefensa. Abu ɗaya ne ya bambanta shi da aji: kana iya yin tambaya da kowane harshe ka ga dama, kuma wanda zai amsa maka sai ya amsa sau biyu, da harshen da ka tambaya, sannan da Turanci. Da farko abin yana cin lokaci, har ka ji haushi in kana sauri. Amma a nan ne da yawa daga cikinmu suka gane cewa lissafin da ya gagare su a boko sun daɗe da saninsa, sunansa ne kawai ya canja.

Bayan isha'i sai tsayuwa. Akwai wani tsohon gwangwanin Milo cike da 'yan takardu a nannaɗe. Kowane dare mutum biyu za su zara, su fito gaban allo, su yi magana minti uku a kan abin da aka rubuta, Yaya yana riƙe da agogo. Minti uku! Wallahi wanda bai taɓa tsayawa ba ba zai san tsawonsa ba. Akwai wanda ya gama duk abin da ke kansa cikin daƙiƙa ashirin, ya tsaya yana kallon silin har lokaci ya cika, don doka ita ce ba a zama sai agogo ya ce. Tsayuwar farko an yarda ka yi da harshenka, ta biyu ka gauraya, daga ta uku sai Turanci, ko da guragu ne.

Ba za mu manta da tsayuwar wata 'yar ajinmu da ta zo daga ƙasar Tawa ba. Ta yi kusan wata biyu tana zuwa, ba wanda ya san muryarta in ba a karatun allo ba. Ranar da layi ya zo kanta, takardar da ta zara cewa ta yi a faɗi wani aiki da aka iya yi a gida. Ta daɗe tana murza bakin hijabi, sannan ta fara bayanin yadda ake ajiye albasa a rudu bayan an cire ta, yadda ake barin ta ta sha iska, yadda ake shiga a tsince wadda ta fara ruɓa don kada ta shafi sauran, da dalilin da ya sa mai haƙurin ajiya yake sayarwa da tsada in kaka ta wuce. Ta ce "munka tahi", ta ce "munka hita", sai yaran baya suka fashe da dariya. Ta tsaya, ta juya ta dube su, ta ce: "Ku da kuke cewa mace ya zo, yarinya ya tafi, ina kunka kai 'ta'? Ko a kan iyaka anka karɓe muku ita?" Ɗakin ya kaure, har Malama da ke zaune a ƙofa sai da ta rufe baki da mayafi. Ta ƙarasa minti ukunta har ta ɗora. Tun daga ranar ba ta sake zama a bencin baya ba, kuma duk wanda ya ci waake a Nima ya san gaskiya ta faɗa game da Hausarmu ta nan.

Ranar Talata kuwa abin juyewa yake. Faransanci darasi ne a JHS, kuma waɗanda aka haifa a nan cikinmu sun sha wuya da shi ba kaɗan ba. Sai Yaya ya ce shi ma bai iya ba, ga masu shi nan zaune. Ya miƙa alli ga 'yan lakwal. Yaron da aka mayar aji uku da safe, da dare shi ne mushe, yana gyara wa 'yan fom uku yadda ake furta kalma, yana cewa a sake, a sake. Mun lura da wani abu: wanda ya riƙe alli ranar Talata, ba ya daɗewa sai ka ji ya fara ɗaga hannu a boko. Ba mu san yadda za mu bayyana shi da kyau ba, amma mutum in ya ga ana bukatar abin da ke kansa, tafiyarsa ma canjawa take. Haka kuma da aka saka Larabci cikin darussan BECE a 2024 ga masu so, nahawun da muke ganin na makarantar allo ne kawai ya zama abin da ake samun maki da shi, wasu iyayen da ke ganin karatun biyu kishiyoyi ne suka ɗan sassauta.

Akwai wani abu da muka daɗe muna tattaunawa a kansa, kuma muna so iyayenmu su karanta wannan wuri da kyau. A gida an koya mana in babba yana magana a sunkuyar da kai, kada a haɗa ido da shi, kada a amsa da ƙarfi, in ya tambaye ka abu ka ɗan jinkirta. Wannan tarbiyya ce, muna alfahari da ita. Amma a boko, da ofis, da wurin neman aiki, mai sunkuyar da kai ana ɗaukarsa ko bai sani ba, ko ƙarya yake yi, ko ya yi laifi. Ticha ya ce "dube ni in ina maka magana", kai kuma duk jikinka yana gaya maka duban nan rashin kunya ne. Da yawa daga cikinmu an yi musu hukunci a kan ladabinsu, suka dawo gida ba su ma san me suka yi ba. Yaya ne mutum na farko da ya zaunar da mu ya ce mana ladabi iri biyu ne a garin nan, kuma dole mu iya duka, kamar yadda mutum yake da kayan Juma'a da kayan makaranta. Ya sa muka riƙa gwadawa: wani ya zauna a matsayin mai ofis, wani ya ƙwanƙwasa, ya shigo, ya gaisa, ya faɗi sunansa a fili, ya faɗi abin da ya kawo shi cikin jimla biyu, idonsa a kan fuskar mutumin. Sannan a sake, wannan karon mai zaman Malam ne ko kawu, a cire takalmi, a durƙusa, a jira a ba ka izini. Ana dariya sosai a wannan darasi, amma a cikinmu akwai wanda da shi ya raka mahaifiyarsa asibiti ya yi wa likita bayanin ciwonta daga farko har ƙarshe, ba tare da an nemo wani ɗan unguwa an biya shi kuɗin mota ba.

Ba kullum abin yake tafiya daidai ba. Wani uba ya taɓa zuwa har ƙofar ɗakin da fushi, ya ce tun da ɗansa ya fara wannan tsaye-tsaye ya daina jin magana, har ya gyara masa lissafi a gaban abokan ciniki. Yaya bai kare yaron ba. Ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, lissafin nasa daidai ne, wurin faɗarsa ne bai yi daidai ba, kuma wannan aikinmu ne mu gyara." Daren nan ba a yi tsayuwa ba, aka yi magana a kan yadda ɗa yake nuna wa mahaifinsa kuskure: a jira baƙi su tafi, a kawo littafin a ce Baba duba mini nan, kamar ban gane ba. Yanzu yaron shi ne yake riƙe da littafin bashi na babansa, kuma tun da aka mayar da kasuwar albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, tafiyar ta yi nisa, sau da yawa shi ake bari da waya yana karɓar saƙon masu saye.

Sai maganar takardu, wadda ba ta da daɗin ji amma ta fi komai cin mutane. Yaro ɗaya, sunan yanka ɗaya, amma a takardar haihuwa ta Nijar an rubuta Saïdou, a rajistar boko an rubuta Seidu, shi kuma yana rubuta Sa'idu a bangon littafinsa. Ba wanda ya damu, sai ranar rajistar jarrabawa, ko ranar da kwamfuta ta raba makarantun sakandare aka je karɓar gurbi, a ce wannan ba shi ba ne. Saboda haka sau ɗaya a zango ana yin daren takardu. Kowa ya kawo abin da yake da shi a leda, a baje, a duba harafi da harafi, a duba ranar haihuwa, wanda yake da gyara a gaya masa tun da sauran lokaci. A nan ne kuma ake zama a kan zaɓen makarantu, don da yawa iyayenmu ba su san bambancin wannan da waccan ba, sai yaro ya cika manyan makarantu zalla don ya ji sunansu, ya tashi babu ko ɗaya. Tun Satumban 2017 ba a biyan kuɗin sakandaren gwamnati, wannan ya buɗe ƙofa ga gidaje da yawa a zango. Amma akwatin ƙarfe da katifa da bokiti da kuɗin mota ba gwamnati ke saye ba, kuma mun san wadda ta samu gurbi ta zauna a gida saboda katifa. Bara yayyenmu suka fara ajiye tsofaffin akwatunansu a bayan allo don na baya, guda huɗu ne a wurin yanzu.

Larabar ƙarshen wata ta baƙi ce, kuma baƙin duk 'yan benci ne na da. Wata nas ta zo da kayan aikinta ta nuna mana yadda ake auna hawan jini. Wani da ke koyar da Larabci a makarantar da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta Gana, wanda aka kafa a 1987, ya yi mana bayanin takardun da ake nema. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne mai aiki a tashar jiragen ruwa ta Tema, wurin masu fitar da kaya. Kaya da yawa da ke sauka a Tema na ƙasashen da ba su da teku ne, Burkina da Mali da Nijar, direbobin kuma Faransanci da Hausa da Zabarmanci suke ji, ofis kuwa Turanci. Shi yana tsakiya. Ya ce mana lokacin da yake yaro in babarsa ta yi masa Zabarmanci a turoturo ji yake kamar ƙasa ta tsage ya shige, yau kuma da wannan harshe yake biyan hayar ɗakinta. Akwai kuma mai gyaran waya a Sakul wanda jarrabawa ba ta yi masa kyau ba ko kaɗan, bai ɓoye mana ba. Ya ce abin da ya ɗauka daga benci shi ne karanta bayanin da ke zuwa da kayan gyara, da rubuta rasit, da yi wa mai waya magana ba tare da rawar murya ba. Yara uku ne a ƙarƙashinsa yanzu. Mu a ganinmu wannan bai gaza nas ɗin ba.

Kada a ce mun zaɓo masu daɗi kawai. Akwai wanda ya zauna a bencin nan shekara uku, ya fi kowa iya tsayuwa, ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, yau shekara ta biyu ke nan mahaifiyarsa tana jiran waya. Akwai 'yan mata biyu da aka ɗaura wa aure saura wata kaɗan su rubuta BECE. Ba mu ce aure laifi ne ba, Allah ya ba su zaman lafiya, amma wata huɗu ba su da yawa, da an jira. Su kuma maza, rabinsu ƙwallo ce a ransu. Ba laifinsu ba ne: Mohammed Kudus ɗan Nima ne, a filayen nan ya fara, makarantar ƙwallo ta Right to Dream ta ɗauke shi, ya je Ajax a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2022, duk unguwar nan ba wanda ya yi barci. Yaya ba ya hana kowa ƙwallo. Abin da yake cewa kawai, ku ƙirga yaran da suka buga tare da shi a fili ɗaya, ku gaya mini inda suke, sannan ku buɗe littafi. Wasu suna ji, wasu ba sa ji.

Ba mu kaɗai ne muke irin wannan a unguwa ba. Akwai ɗakin karatun yara na Nima da Mamobi, wanda Kathy Knowles 'yar Kanada da ƙungiyarta suka taimaka aka kafa, da yawanmu a can muka fara riƙe littafin labari. Akwai Achievers Ghana da suka daɗe suna tara 'yan mata suna koya musu karatu da kwamfuta. Muna jinjina musu. Amma akwai uban da ba zai bar 'yarsa ta je ko'ina da yamma ba sai makarantar allo, don ya san Malam, ya san ladan, ya san wanda ke zaune a ƙofa. Irin wannan yarinya in aka rufe ɗakin ƙasa, babu wani wurin da za ta koma.

Mun ji dalilan masu son a ɗauke zaman, kuma ba mu raina ko ɗaya ba. An ce hadda tana raguwa, don mai kwanciya a makare ba ya tashi muraja'ar asuba da ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki, mu ma mun ji a jikinmu, musamman lokacin jarrabawa. Sai dai muna roƙon malamanmu su duba sunayen masu sauka na bana da na bara, su ga nawa ne 'yan benci. Sharaɗin nan na Malam babba, cewa sai ka zo allo za ka zauna, ya riƙe yara da yawa a karatun Alƙur'ani a daidai shekarun da aka saba rasa su.

An ce iyaye mata suna bukatar 'ya'yansu da yamma. Wannan ya fi nauyi, kuma masu faɗarsa ba sa zuwa taron kwamiti, shi ya sa muke so mu faɗa a madadinsu. Mai koko da ƙosai tun dare take jiƙa gero da wake, mai waake tun dare take tsince shinkafa, in 'yarta tana benci aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya. Kuɗin kokon nan shi ya saya mana yunifom da takalmi, ba mu manta ba. Iyayenmu mata, mun gode, Allah ya ba mu ikon rama muku. Abin da muke gani zai yiwu shi ne a sallami 'yan mata da zarar an idar da isha'i a ranar Laraba, ranar da aiki ya fi yawa saboda kasuwa, a kuma mayar da tsayuwarsu kafin salla. Maganar tafiya gida cikin dare ta lungunan bakin gwata kuwa, tun bara ake haɗa 'yan layi ɗaya su tafi tare da babba, kuma in an samu iyaye biyu ko uku da za su riƙa karɓa-karɓa, an gama da ita. Kuɗin mitar wuta, wanda makaranta ke biya, mun lissafa shi da ladan, mun ga in tsofaffin 'yan benci masu aiki suka ɗauka a tsakaninsu ba zai yi wa kowa nauyi ba, kuma uku daga cikinsu sun riga sun amsa.

Babbar matsalar ita ce wadda ba a cika faɗa ba: an yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa arewa, bayan hutu zai tafi. Shekara da shekaru shi ne mai buɗewa da rufewa, ba a taɓa ba shi ko sidi ɗaya ba, mu ma sai da muka ji zai tafi muka tsaya muka yi tunanin haka. Mu shida cikin masu sauka mun yi alkawari za mu riƙe aikin gida da gwangwanin Milo har zuwa lokacin da sakamako zai fito, waɗanda za su yi sakandaren jeka-ka-dawo kuma su ci gaba. 'Yan lakwal sun ce Talata tasu ce, ba sa bukatar kowa. Abin da ba mu da shi shi ne babba wanda zai riƙe mabuɗi, wanda iyaye za su yarda da shi, da kuma wanda ya iya lissafin fom uku sosai, don a nan mu kanmu muna ɗingishi. Ba sai malamin makaranta ba. In akwai mai aikin banki, ko mai shagon magani, ko ɗalibin Legon da ke kwana a unguwa, dare ɗaya a mako ya isa.

Akwai yara biyar da suka iso bayan ƙaramar salla, uku daga Burkina, biyu daga wajen Doso, suna zaune a bencin baya, ba su zari takarda ba tukuna. Mabuɗin yana hannun ladan har zuwa taron kwamiti na wata mai kamawa. Wanda zai iya ɗaukar wani dare, ya same shi bayan magariba ya rubuta sunansa.



Ɗaliban ajin sauka na bana